Abin da Rufaida Ta Rubuta a Kan Hajjo

Ranar Juma'a aka ce magabatan Lamine za su zo daga Gidan Amumune neman auren Rufaida. Tun da hantsi aka share zaure, aka shimfiɗa sababbin tabarmi, Inna Nana, mahaifiyar Rufaida, ta dama fura a babbar ƙwarya ta rufe da faifai.

Aka sakko daga masallaci, ba su zo ba. Aka yi la'asar, shiru. Da rana ta yi ja, mahaifinta Malam Cha'ibu ya naɗe tabarmin da hannunsa, ya jingine su a bango, ya shige ɗakinsa.

Rufaida ta kira Lamine har kunnenta ya yi zafi. Tarho na shiga, ba a ɗauka.

Sai washegari da safe ta ji ƙarar motonsa a ƙofar gida. Ta fito da hijabi a baibai, ta same shi tsaye a zaure, idanunsa sun faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya. Ko zama bai yi ba.

"Lamine, lahiya? Kun bar Baba zaune tun safe har..."

"Innata ta ji littahinki."

Ta dafa bango.

Rufaida malama ce a wata lakwal ta firamare a Tasawa, amma ba da koyarwa aka santa ba. Shekara huɗu ke nan tana rubuta labaran soyayya a kaye, wato littafin rubutu, ta kwafe su a tarho, ta tura wa wani gurup na mata babi-babi. Waɗanda ba su iya karatu ba kuwa, Rayyanu ɗan kawunta ne ke karanta musu da murya, ya tura bokal, wato saƙon murya. Murya gare shi mai daɗi, kuma ya daɗe yana sonta. Tun kafin Lamine ya bayyana yake sonta, har yau bai haƙura ba.

"Ina ta ji shi?" in ji Rufaida.

"Wurin injin niƙa. Mata na jiran layi, wata ta kunna. Inna na tsaye da ƙwaryar hatsinta, ta ji ana ba da labarin wata mata da ta kai jinjirarta kasuwar ƙauye shekarar yunwa, ta miƙa wa wata Bahillata, ta dawo gida ta ce ɗiyar ta mutu a hanya. Jinjira mai cindo a hannun hagu."

"Na sake suna, Lamine. Na sake gari. Wallahi na..."

"Kin bar yatsan. Duk tsohuwar da ke Gidan Amumune ta san ƙanwata Barira da cindo anka haihe ta. Shekara ashirin garin na zaune a kan cewa Barira ta rasu a hanyar Mairairai. An yi wa Inna ta'aziyya, an yi sadaka. Ni kaɗai na san gaskiya, don ni ke riƙe da zanen Inna a kasuwar. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai ke."

Ta tuna ranar. Ƙarƙashin icen bedin da ke bayan ajinta, lokacin hutun ƙarfe goma. Ya faɗa mata yana kallon ƙasa, ya ce ba ya son ya shigar da ita gidansu da ɓoye-ɓoye a tsakaninsu.

"Don mi kinka bar yatsan, Rufaida? Shi kaɗai nake son in sani."

Ta so ta ce mantuwa ce. Bakinta ya ƙi.

"Na cire shi sau biyu," ta ce, hawaye na zubo mata. "In na cire sai labarin ya koma kamar kowane labari, ba mai yarda da shi. In na mayar sai ya tashi tsaye. Na ce a raina wa zai kai shi can..."

"Ya tashi tsaye kam." Ya gyaɗa kai a hankali. "To, shi Alhajin hwa? A littahinki matar ta yar da ɗiyar ne don ta samu ta auri wani mai kuɗi. Uwata tun da babanmu ya tahi bai dawo ba, ba ta sake kallon ɗa namiji ba. Daka da surhe ta yi ta raine mu. Wannan a ina kinka samo shi?"

Nan ma ta san amsar, kuma ta fi ta farko muni.

Littafin ya kai babi na goma sha biyu gurup ya mutu. Tana tura babi, a wayi gari mutum biyar ne kawai suka tanka. Rayyanu ya zo ya zauna a tsakar gidan nan yana kaɗa makullin moto, ya ce, "Masoyan nan naki sun cika hankali. Ba mai kuka, ba wanda za a tsine wa. Mata so suke ki ba su wadda za su zaga suna tuƙa tuwo." A satin ta ɗauki sirrin Lamine, ta ɗora masa muguwar uwa. Kafin kwana uku gurup ya cika maƙil, sai da aka buɗe na biyu. Ta ji daɗi a lokacin. Har rawa ta taka ita kaɗai a ɗaki.

"Mutane sun daina karantawa ne," ta ce.

Lamine ya dube ta. Da ya yi ihu da ta fi samun sauƙi.

"Ban zo faɗa ba," ya ce. "Na gaji. Kwana tara Inna ba ta leƙa ƙohwar gida ba. Baba Ƙadri ya tara dangi, ya ce an ba da jininsu an yi musu ƙarya, yanzu kuma an mai da su abin dariya a tarho. Shi ne ƙanen babanmu, shi zai shige gaba a zancen aurena. Da ƙyar na samu ya ce a dakata, bai ce an hwasa ba. Amma ya yi rantsuwa. In kalma ɗaya ta sake hita a kan gidanmu, ƙahwarsa ba za ta taka Tasawa ba."

"Kai kuma mi ka ce?"

"Ni?" Ya shafa fuska da hannu biyu. "Jiya na tashi da niyyar in tsane ki, har dare ban iya ba. Shi ya sa ban ɗauki kiranki ba."

Ya fita. Ta ji ya taka moton sau uku kafin ya tashi.

Inna Nana na bayan ƙyaure, duk ta ji. Ta bar ta ta yi kuka har ta gaji, sannan ta zauna a bakin gado.

"Shekarunki ashirin da bakwai, Rufaida. Ƙannenki biyu na ɗakunansu. Babanki jiya ko abinci bai ci ba don kunya. Ga Rayyanu nan, ɗan yayana ne, ya san rubutunki ciki da waje bai taɓa ƙyamar shi ba. Mutanen can ko sun karɓe ki, da wane ido za ki dubi uwar miji?"

"Inna, don Allah ba yau ba."

"Kullum ba yau ba."

Kamar an kira shi, da azahar sai ga Rayyanu, da sabuwar shadda da ƙamshin turare. Ya tsuguna ya gai da goggonsa, sannan ya juyo yana murmushi.

"Marubuciya, mutane za su cinye ni. Kwana shida ba sabon babi. Wasu sun ce ki makantar da matar, wasu sun ce ɗiyar ta dawo da arziki ta taka ta. Ni dai na ce ki ja musu rai kaɗan."

"Ka goge shi, Rayyanu. Duka. Daga na goma sha uku zuwa inda anka tsaya."

Ya yi dariya, sai ya ga ba wasa take ba.

"In goge a ina? Yana cikin karta memuwar ta tarho, masu sharjin tarho na tura wa mutane a kasuwanni. Jiya wani direba ya kira ni daga Agadas yana tambayar ci gaba." Ya rage murya. "Na ji abin da ya hwaru jiya. Ban yi murna ba, Allah na gani. Amma ki duba. Ni ban taɓa ce miki ki aje biro ba, kuma ba zan ce ba. Can kuwa, ranar da kinka shiga, ranar za a karɓe shi."

Abin da ya fi ba ta haushi, ta san akwai gaskiya a maganarsa.

Ranar Lahadi ta gaya wa Inna Nana inda za ta. Inna ta ce ba ruwanta. Malam Cha'ibu ya daɗe yana jan casbi, sannan ya ce, "Wanda ya yi laihi shi ke zuwa. Ki dawo kahin magariba."

Motar kasuwa ta kai ta Mayahi, an cusa su kamar buhuna. Daga nan ta hau kabu-kabu. Zafin bazara na dukan ka, rairayi na kama taya, sau biyu tana sauka ta taka da ƙafa. Duk kalaman ban haƙuri da ta tsara a mota, kafin ta isa Gidan Amumune sun watse.

Saudatu, yayar Lamine, ita ta tare ta a tsakar gida. Ta dube ta sama da ƙasa, ba ta amsa gaisuwa ba, ta nuna mata wani ɗaki da haɓa.

Hajjo, mahaifiyar Lamine, na zaune a kan tabarma tana tsince wake a faifai. 'Yar ƙaramar mace ce, busasshiya, hannuwanta duk kanta. Rufaida ta durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Inna, na zo ne..."

"Na san ki. Shigo, rana na dukan ki."

Ta shiga da rarrafe. Ta fara magana kuka ya ci ƙarfinta. Ta ce ta ci amana, ta ce ba ta da abin kare kai, ta ce ko ba a yafe mata ba a bar Lamine, shi bai yi komi ba sai yarda da ya yi da ita. Hajjo ba ta ɗago ba, tana ta fitar da tsakuwa daga cikin wake.

"Kin gama?"

"Na gama, Inna."

"Ranar da na jiya a wurin niƙa, ƙwaryata a can na baro ta. Na zo na kwanta na ce Allah shi ɗauki raina. Kwana na ukku na ce wa Saudatu ta samo mini abin tun daga hwarko, in ji da kunnena yadda anka zage ni." Ta ture faifan gefe. "Wuni biyu ina saurare. Ina jin kamar in shaƙe ki, kuma in an kai ƙarshen wani babi sai in ce ta sa na gaba. Har yarinyar nan ta cikin littahin da saurayinta ya tahi karatu sai da na yi mata hawaye. Kin iya, ɗiyar nan. Abin da ya hi ci mini rai ke nan."

Rufaida ta sunkuyar da kai.

"Amma ƙarya kinka yi. Shi ma Lamine bai san komi ba, shekararsa tara, yunwa ta rufe mai ido. Zauna da kyau."

Ta gyara zama.

"Nonona ya ƙahe. Kwana huɗu Barira na kuka, daga baya ma kukan ya daina hita, sai dai ta buɗe baki. Na ɗauki tabarmata da turmina na kai kasuwar Mairairai in sayar, ba wanda ya taya. Ina zaune gindin wata adua sai ga wata Bahillata, gaban rigarta jiƙe. Nata jinjirin ya rasu kwana biyu da sunka wuce. Na ce don Allah ta ba ɗiyata sau ɗaya. Ta karɓa. Barira ta sha, ta sha, ta yi barci a jikinta da nonon a baki."

Hajjo ta dubi tafin hannunta.

"Kin taɓa ganin ɗanki ya ƙoshi a hannun wata? Na miƙa hannu in karɓe ta, hannun ya ƙi zuwa. Munka yi magana ta riƙe mini ita zuwa kaka, duk ran kasuwa mu haɗu nan gindin icen. Kasuwa ta zagayo na zo. Anka ce shanunsu na mutuwa, sun yi kudu cikin dare ɗaya. Shekara biyu ba ran kasuwar da ban je ba. In ce wa dangin mijina mi? Na ba baƙuwa ɗiyarku, ko sunan rugarsu ban tambaya ba? Sai na ce ta mutu. Har yau in na ga budurwar Hillani da ƙwaryar nono, hannunta nake hwara kallo. Ko an cire yatsan, tabo ba ya ɓacewa."

Rufaida na kuka ba sauti. Kuma a ƙasan kukan, inda take jin kunyar dubawa, wani sashe na zuciyarta ya riga ya fara jera maganar, yana auna inda babi zai tsaya.

"Saudatu ta ce muryar yaron nan ta kai Agadas," in ji Hajjo. "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Inna."

"Kudu hwa? Katsina, Kano, inda masu shanu ke zuwa?"

"Ana saurare can ma."

Hajjo ta matso, ta kama wuyan hannunta. Riƙon ya fi ƙarfin jikinta.

"To, ki sake rubutawa. Da sunana, da sunan Barira, da sunan garin ga, da kasuwar, da icen. Abin da nake ɓoyo ya riga ya hita, ba sauran abin da za a ce mini wanda ba a ce ba. Shekara ashirin ƙahwata ba ta wuce Mairairai ba, ke kin kai Agadas kina zaune a ɗaki. In tana raye, wata ƙila wani ya kunna kusa da ita."

"Inna..."

"Kuma kar ki yi shi kamar sanarwar ɓatan akuya, wadda ake ji a manta. Ki yi shi yadda kinka yi wancan. Yadda in mace ta hwara ji tuwonta zai ƙone, ta gama ta tura wa 'yar uwarta. In ba daɗi ba zai yi nisa ba."

Inuwa ta rufe ƙofar. Lamine ne tsaye, da alama ya daɗe a wurin. Fuskarsa jiƙe take, bai damu ya share ba.

"Inna, kin ji rantsuwar Baba Ƙadri," ya ce. "Kalma ɗaya. Kuma babanta ba zai ba da ita ga wanda ya zo ba magabaci ba."

"Na jiya. Ina wurin."

"Shekara biyu nake jiran auren nan."

"Na sani, ɗana." Ba ta saki hannun Rufaida ba. "Ban ce ba ka da gaskiya ba."

Ya juyo ga Rufaida. Muryarsa ta yi ƙasa har sai da ta kasa kunne.

"Barira ƙanwata ce. Ni na goya ta daga gida zuwa rabin hanya ranar nan. Ba zan ce miki kar ki rubuta ba, bakina ba zai iya ba. Amma ki san abin da ke ciki. Wata ƙila ta mutu tun a shekarar. Wata ƙila tana inda ba rezon tarho, ko ba ta jin Hausa. Sai mu rasa auren, ita ma ba mu same ta ba." Ya tsaya, sannan ya ƙarasa da ƙyar. "Kuma muryar Rayyanu ce za ta ɗauke shi. Kullum yana zaure yana jiran babi."

A waje Saudatu ta daina dakan da take yi.

Rufaida ta dubi Lamine. Ta san tsagar da ke gefen girarsa, ta san yadda yake tsayawa da nauyinsa a ƙafa ɗaya in ya gaji. Ta riga ta zaɓi launin labulen ɗakin da za su zauna a Mayahi. Ta ji gajiya ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wadda barci ba ya maganinta. So take wani ya yanke mata, ko Baba, ko Inna Nana, ko ma Baba Ƙadri da rantsuwarsa. Amma su biyun ita suke kallo.

Ta share fuska da gefen hijabi. Ta juya ga tsohuwar.

"Inna," ta ce, "Bahillatar nan, wane irin zane ne a jikinta? Tana da tsaga a huska?"

Hajjo ta rufe ido, ta fara tunowa.

Lamine ya zame a jikin ƙyaure ya zauna a ƙasa. Ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa. Can, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Baƙi ne, mai ratsin ja. Ni na gani."